Injin da Aka Ce Yana Cire Kunya

Jiya na ji ɗayarku tana gaya wa 'yar'uwarta cewa aikin ɗakin nan ko 'yar firamare za ta iya: a jiƙa soso, a ɗaura a ka, a danna maɓalli, a koma gefe ana latsa waya. Ban tanka ba don alwala nake. Yau da kuke zaune babu mara lafiya, ku matso in ba ku amsa. Kallon kitse kuke wa rogo. Na yi shekaru ina ɗaura soson nan a kan mutane, ga shi na kusa ajiye aiki, amma har yau ba zan iya dafa Alƙur'ani in ce ga abin da yake yi a cikin kai ba.

Ni nas ce tun asali. A sashen gashin ƙashi na yi yawancin aikina a nan Kazaure, ina miƙar da hannuwan da suka shanye, ina koya wa tsofaffi tafiya. Sai wani likita ya zo daga jami'a a Kano da bincike a kan masu shanyewar ɓarin jiki waɗanda magana ta ɗauke musu. Yana neman mace mai haƙuri, wadda mata za su yarda ta buɗe musu kai. Ban san inda aka gano min haƙurin ba, amma sunana aka bayar, aka tura ni Kano horo.

Abin da aka fara miƙo min a can tef ne, irin na tela. Na ɗauka wasa ake. Ashe shi ne rabin aikin. Ki auna daga karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, ki auna daga kunne zuwa kunne, ki samo tsakiyar kai, daga nan ki gangara ɓangaren hagu ki nemo wurin da magana take. Can soso ɗaya zai zauna, ɗayan kuma a goshi ta dama. Kai kuwa babu biyu iri ɗaya. Wani dogo, wani ya baje ta baya, wani kamar an dafe shi tun yana jariri. Duk wanda ya zauna kusa da ni a watan nan sai na auna shi, har maigidana ya fara shigowa da hularsa a danne.

Kafin in ɗaura wa kowa, Dakta ya sa aka ɗaura min. Soso biyu jiƙe da ruwan gishiri, wayoyi biyu, da ɗan akwati da bai kai rediyo ba, batir ne ma a cikinsa. Na rufe ido ina jiran a girgiza ni. Abin da na ji kawai ƙaiƙayi ne, kamar ƙananan tururuwa suna yawo a fatar kai, sai ɗanɗanon ƙarfe a baki.

Na ce, "Dakta, wannan ɗan ƙaiƙayin ne zai dawo wa mutum da magana?"

Ya ce, "Ba shi ke dawo da ita ba, Sista. Lantarkin kaɗan ne ƙwarai. Yana jiƙa wurin ne kawai, kamar yayyafi kafin shuka. Atisayen maganar da za ki yi da su lokacin da yake kunne, shi ne irin. Haka dai muke zato."

"Zato?"

"Da mun tabbata ai ba bincike za mu yi ba."

Sun nuna mana babban yayan injin ma, mai aiki da maganaɗisu. Aka ɗora wa wani ɗalibi wani abu mai kama da ƙaton tabarau a ka, aka ji ƙas, sai babban yatsansa ya yi tsalle shi kaɗai, shi ma yana kallo yana dariya. Na ja kujerata baya. Wannan dai ana ganin aikinsa da ido, sai dai yana son wuta mai ƙarfi wadda ba ta ɗaukewa, don haka ba kayanmu ba ne. Namu mai batir babu abin da yake nunawa sai 'yar fitila.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne akwai zaman gaskiya, akwai na ƙarya. Kowane mara lafiya Dakta zai turo lambarsa, in shigar a injin. Wani mara lafiyan, injin zai yi masa aiki har minti ashirin su cika. Wani kuwa, injin zai ɗan yi masa ƙaiƙayi da farko, ya kashe kansa, fitilar tana nan a kunne. Ni ban san wane ne wane ba, mara lafiya bai sani ba. Na ce wannan ai yaudara ce. Dakta ya ce mai shanyewar jiki yakan samu sauƙi da kansa, atisaye ma yana taimakawa, to in ba a kwatanta ba ta yaya za a san rabon injin a ciki? Kuma dole a gaya wa kowa tun farko, in ya yarda ya shiga. Na gaya wa wani tsoho daga Babura, ɗansa ya saurara har na gama, ya ce, "Hajiya, mun ji. Ki ba Baba na gaskiyar, na ƙaryar a ajiye wa wanda bai zo da wuri ba."

Sai kuma matsalar kawunan da kansu. Wata mata ta zo da sabon kitso, an shafe shi da mai yana sheƙi, don ba ta son ta zo gaban likita kai a birkice. Na ɗaura soso, injin ya yi ta ƙara ya ƙi tashi, domin mai ya tare hanya. Ki je ki gaya wa matar da ta wuni a gaban makitsiya jiya cewa ta tsefe ta wanke, ki dawo ki ba ni labari. Wani dattijo daga Gwiwa kuma ya biya wajen wanzami a hanya, aka yi masa aski, aka ƙara masa da ƙaho a ka don jinin ya yi sauƙi kafin ya iso. Ina cire hularsa na ga tsaga ɗanya daidai inda soso zai zauna. Gishiri da lantarki a kan wannan ƙuna ce. Na mayar da shi gida sai ya warke, ya tafi yana cewa ma'aikatan yanzu ba sa son mutum mai tsafta. Farfaɗiya kuwa, wadda dole ki tambaya kafin ki taɓa kowa, babu gidan da zai amsa miki ita da sunanta. Sai ki zagaya, ki tambayi ko ya taɓa faɗuwa, ko iska ta taɓa buge shi, ki kuma kalli fuskar wanda ya rako shi.

Duk waɗannan ana koyonsu. Wanda ban koya ba har yau shi ne na Inna Hansai. Ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta, sunan ma ba nata na gaya muku ba.

Daga wani ƙauye bayan Roni aka kawo ta, a bayan babur, an ɗaure ta da zani a jikin mai tuƙin don kada ta zame. Man gyaɗa take yi, a bakin turmi ciwon ya kayar da ita. Hannun dama ya saki, magana ta tafi. Tana jin duk abin da ake faɗa, idonta tar, amma in ta buɗe baki kalma ɗaya ce ke fita: "To." Mai babur ɗin ɗanta ne na fari, Haruna, ɗan acaɓa, har furfura ta fara fito masa a gemu.

Ku 'yan yanzu kuna kiran 'ya'yanku na fari da suna har da ƙarin na shagwaɓa, don haka bari in tuna muku. A gidaje irin nasu, masu jinin Fulani, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari har ta koma ga Allah. Ba ta wasa da shi, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane. Haruna a ɗakin kakarsa ya tashi, uwarsa ma Adda yake ce mata, kamar yayarsa. In tana son sa sai ta ce "kai". In tana zancensa da wasu sai ta ce mai babur.

Lokacin da injin yake kunne, hotuna nake nuna wa mara lafiya yana ƙoƙarin faɗin sunansu. Dakta da kansa ya ɗauko su a kasuwa: ƙwarya, tsintsiya, akuya, buta. Akan haɗa da hotunan 'yan gida. Da aka kawo na gidan Inna Hansai na zare na Haruna na ajiye gefe, wannan ba sai an gaya min ba. Muka yi kwanaki ina ɗaga ƙwarya tana cewa to, ina ɗaga akuya tana cewa to, wani lokaci hawaye ya zubo mata don haushi.

Wata rana da hantsi hadari ya haɗo ta gabas. Haruna, wanda kullum a baranda yake jira, ya yi sallama ya leƙo don ya tambayi ko da saura, yana son su riga ruwa. Kansa a sunkuye yake. Inna Hansai ta ɗago, soso a kanta, ruwan gishiri yana gangaro mata ta gefen kunne, ta dube shi ta ce, "Haruna."

Tsaf ta faɗa, babu gargada. Shi kuwa sai ya waiga bayansa, ko akwai wani Harunan a baranda. Da ya ga babu kowa ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Na'am, Adda."

Ta sake cewa, "Haruna."

Ina tsaye riƙe da hoton akuya. Wallahi ban san ko guɗa zan yi ba, ko bakinta zan rufe. Ban da "to", kalmarta ta farko ke nan tun da ta faɗi, kuma ita ce kalmar da ta fi shekara arba'in tana kauce wa.

Na buga wa Dakta waya. Ya yi hamdala da ƙarfi, sannan ya ce, "Wane Harunan? Ba dai na farin ba?" Na ce shi. Dakta ɗan cikin birnin Kano ne, kakarsa ma ba ta taɓa faɗin sunan babansa ba, ya san nauyin abin. Ya ce wataƙila injin ne ya fara buɗe hanya, kalmar da ta fi kusa da zuciya ta riga fita. Wataƙila kuma ciwon ne ya taɓa wurin da ke riƙe mutum ya hana shi faɗin abin da bai kamata ba, wannan kuwa ba sauƙi ba ne. Wataƙila lokaci ne kawai ya yi. Ya ƙara da cewa, "Kada ki manta, Sista, nata injin ma zai yiwu a kashe yake." Na ajiye waya kaina ya fi na da ɗaurewa.

Da a ɗakin nan abin ya tsaya da sauƙi. A gida ma ta ci gaba. A gaban matarsa, a gaban mata masu zuwa dubiya, da ya shigo sai ta ce Haruna. Mata suka riƙa rufe fuska da mayafi suna zamewa. Ba a yi mako ba sai ga yayanta, Baffa Isiyaku, ya biyo su har nan da sandarsa. Muka gaisa, ya ƙi zama.

Ya ce, "Hajiya, me kuka sa wa ƙanwata a kai?"

Na ce, "Baba, ruwan gishiri ne da ɗan lantarki."

"Mun kawo muku mara lafiya da mutuncinta. Yau yaran gari suna kwaikwayonta. Bebiya da kunyarta ta fi mana mai baki babu kunya. A daina."

Na ji zafin maganar, amma ban ga laifinsa ba, ƙanwarsa yake karewa. Na ce masa ƙa'idar binciken ita ce duk mai son fita ya fita, sai dai ta bakin mara lafiyar za a ji. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, a ci gaba?"

Ta ce, "To."

Baffa ya ce, "Hansai, a daina?"

Ta ce, "To."

Muka tsaya muna kallon juna. Sai ta miƙa hannun hagu ta jawo madaurin soson daga kan tebur ta ɗora a cinyarta ta danne. Na ce ga amsa nan. Baffa ya ce wannan ma ciwon ne, kuma ba ni da abin da zan ƙaryata shi da shi. Ya juya wajen Haruna, Haruna ya dubi ƙasa ya ce, "Baffa, duk yadda ka ce." Suka tafi, na wanke soso na shanya ina cewa shi ke nan, maganar matar nan ta tsaya a kalma biyu.

Washegari sai na ji babur a ƙofa. Haruna ya sauko da ita ya ce, "Ita ta riga ni fita. Na tarar da ita zaune a gindin babur da mayafinta."

Na ja shi gefe na ce, "Haruna, tsakaninka da Allah, don bakinta ya buɗe ka kawo ta, ko don ka ƙara jin sunanka?"

Ya daɗe yana juya makullin babur a hannu, ya ce, "Sista, ni ma ban sani ba."

Ta ƙarasa zamanta duka. A hankali kalmomi suka riƙa dawowa, ruwa, turmi, salla, sunayen ƙananan 'ya'yanta, ɗaya-ɗaya da ƙyar. Amma zancen duniya ba ya ɓuya, kuma wannan ne ya zame mana baƙar shekara. Daga Roni labari ya tsallaka Gwiwa, ya kai Babura: a Kazaure akwai injin da ke cire wa mata kunya. Mazaje suka janye matansu, 'ya'ya suka janye iyayensu. Wata baiwar Allah daga Gwiwa da ta fara haɗa Fatiha aka ɗauke ta ana tsakiyar zama, ban sake ganinta ba. Waɗanda suka riƙa zuwa kuwa ba su muke nema ba. Wani saurayi lafiyarsa ƙalau ya zo a ɗaura masa, wai in ya je gaban baban budurwarsa bakinsa mutuwa yake. Wani ɗan kasuwa ya tambayi ko ana haya. Na kore su, na zauna ni kaɗai a ɗaki, soson nan suka bushe suka yi tauri kamar ƙanzo.

Dakta ya ce mu zagaya wajen masu unguwanni da limamai mu yi bayani. Muka je. Duk inda muka zauna tambaya ɗaya ce: matar Roni ta faɗa ko ba ta faɗa ba? Ta faɗa. Injin ne ya sa ta? Nan ne bakina yake mutuwa. In ce ba shi ba ne, ban sani ba. In ce shi ne, ban sani ba. Wani limami ya ce, "Hajiya, ke da kike ɗaurawa ba ki sani ba, mu ya za mu ce wa jama'a?" Gaskiyarsa ce.

Da kaka, ana cire gyaɗa, lokacin gwajin ƙarshe na Inna Hansai ya yi, Dakta ya zo da kansa. Ta shigo da ƙafarta tana dogara sanda, ta gaishe mu da guntayen kalmomi. Ya ɗaga ƙwarya ta faɗa, ya ɗaga akuya ta faɗa. Sai ya sa aka kira Haruna. Na yi wa Dakta ido, ya ce dole ne ya gwada kalmar da ta fara dawowa. Ya nuna shi ya ce, "Inna, wane ne wannan?"

Ta juya fuska wajen bango, ta jawo mayafi, ta ce, "Mai babur."

Dakta ya tsaya da biro a sama. In kalmar ce ta ɓace mata, ta koma baya. In tana da ita ta riƙe, to ta fi duk wanda muka taɓa ɗaura wa warkewa. Ya dube ni, na kaɗa kai. Ya tambayi Haruna yaushe rabonsa da jin sunansa a bakinta, ya ce tun kafin gero ya fitar da kai.

Na bi Haruna baranda. Ya ce, "Sista, ba za a ƙara mata ba? Ko sau ɗaya."

Na ce, "Ba a ɗaura wa mutum don wani, Haruna. Kuma ban san ko shi ya yi ba."

Ya ce, "Na sani." Sannan ya ce, "Da na san zai ɗauke, da na ɗauka a waya." Tausayinsa ya kama ni har na kasa tsayawa, na koma ciki.

Dakta ya fita amsa waya, daga ni sai ita. Ina ɗaura mata ɗankwali, don hannun daman bai gama dawowa ba, na ce mata a hankali, "Inna, kin ga ɗakin nan babu kowa. Mutane sun gudu, an ce injin ne ya sa ki faɗi abin da kika faɗa. Don Allah ki gaya min, a lokacin kin san me kike faɗa?"

Ta daɗe tana kallona. Leɓenta ya yi ta motsi tana neman kalma, na ƙi taya ta. Can ta ce, "Ya amsa?"

Na ce, "Ya amsa, Inna. Har ƙasa ya durƙusa."

Ta gyaɗa kai, ta gyara mayafi da hannun hagu, ta ce, "To. A bar shi... a kan injin."

Ko ta sani tun farko ta fake da ciwon, ko daga baya aka ba ta labari take neman inda za ta rataye kunyar, ban iya rabewa ba, kuma ban sake tambaya ba. Da Dakta ya dawo ya ce me ta ce, na ce ta ce a gaishe shi. Sai da muka shekara kafin ɗakin nan ya sake cika. Har yau in na je biki Roni wata ta ja ni gefe ta tambaye ni ko gaskiya ne injin yana cire kunya, sai in ce mata ana bincike.